A Bari Sai Kaka

Akwai maganar da idan na ji ta a bakin mutum, ko da a kan cinikin akuya ya faɗe ta, sai raina ya ɓaci har in kasa ƙarasa abin da ke hannuna. Maganar ita ce "a bari sai kaka." Maƙwabtan shagona sun gane haka, shi ya sa idan suna jin tsokana sai ɗayansu ya leƙo ya ce, "Malam, rediyon nan nawa yau za a gyara, ko a bari sai kaka?" Su yi ta dariya har da tafa hannu. Ban taɓa taya su ba, ban kuma taɓa gaya musu dalili ba.

Gyaran rediyo da tocila nake yi a Kaura Namoda, a wani ɗan shago da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Amma ba a nan aka haife ni ba. Ƙauyenmu yana arewa da gari, a tsakanin titin Shinkafi da titin Zurmi, inda babu ɗayansu da ya damu ya leƙa mu. Can mahaifiyata take, wadda muke kira Inna, tare da yayana da ke noma gonar da mahaifinmu ya bari. Ni ne auta. Tun da na tare a Kaura, kowace Juma'a idan an sauko daga masallaci sai in ɗaure mata goro da sabulu a kariyar keke, in tafi in gaishe ta, in dawo da safiyar Asabar. Ban yi mata alkawari da baki ba, amma ita ta ɗauke shi alkawari. Ranar Juma'a ba ta zuwa barka, ba ta zuwa biki, tabarmarta na bakin zaure tun azahar.

Ta burtali nake bi. Burtali shi ne filin da kakanninmu suka bari a tsakanin gonaki domin shanu su wuce ba tare da sun yi ɓarna ba. Namu ya taso ne tun daga wajen Jangeru, ya gangaro kudu, ya bi ta gefen ƙauyenmu, ya zo ya wuce ta bayan Kaura. Da ina yaro faɗinsa ya isa garke guda ya bi a sake, da shingen aguwa dama da hagu. Ƙasarsa jan burji ce mai tsakuwa, kofatan shanu sun daddaɓe ta shekara da shekaru har ta yi tauri. Ruwa bai kwanciya a kanta, taya ba ta nutsewa.

Na hau keke a hanyoyi da yawa. Na kai gyara Kurya Madaro, na kai Dauran, na sha yashi har na gode Allah, na sha ƙaya har na iya faci ido rufe. Ban ga hanya irin burtalinmu ba. Babu mota, babu mai yi maka oda a ƙeya, babu direban da zai tura ka rami ya kuma leƙo ya zage ka. Abin da za ka ji kawai shi ne ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya, da kurciya a kan gawo, da sallamar wanda ke cikin gona. Akwai wata gangara da ke bayan tsamiya biyu inda nake sakin feda, iska ta cika mini riga, in ji kamar ban taɓa yin ciwon baya ba. Kafin la'asar na isa. Inna takan ce, "Auta, ka iso? Na jiya ƙarar tsakuwa tun daga bakin kuka." Ƙarya take yi, kunnenta ya daɗe da yin nauyi, amma ina jin daɗin ƙaryar.

Akwai wata hanyar, ta titi. Sai ka bi kwalta wajen Shinkafi, ka yi nisa, sannan ka ratse ka shiga yashi, ka kuma haye wata ƙorama da ba ta da gada. Ta ninka burtali tsawo, kuma da damina ƙoramar ce ke yanke hukuncin ko za ka wuce.

Yanzu idan ana maganar yadda hanyoyinmu suka mutu, kowa sai ya ce ɓarayin daji. Gaskiya ne, sun yi mana abin da baki ba zai iya faɗa ba, kuma Allah ya isa. Amma burtalinmu ba su suka cinye shi ba. Mu muka cinye shi, da garma da sungumi, da rana tsaka, muna gaisawa da juna.

Ga yadda ake yi. Mutum zai ce aguwar nan macizai take tara masa, sai ya sare shingen. Shekara ta zagayo, idan ya zo huɗa sai ya ƙara kunya ɗaya a cikin burtali. Ɗaya tak, wadda ba ta kai a yi magana ba. Na wancan gefen ya gani, shi ma ya ƙara tasa, don kada a bar shi a baya. Idan wani ya yi ƙorafi sai a ce, to ai ya riga ya shuka. A wajenmu kuwa ba a tuge shuka. Za ka iya zagin mutum, za ka iya kai shi ƙara, za ku iya shekara ba ku gaisa ba, amma ka sa hannu ka cire abincin da ya tsiro, wannan sai mahaukaci ko wanda albarka ta bari. Saboda haka sai a ce a bari sai kaka. Kaka ta zo, a girbe, a kwashe kara, duniya duk ta zama fili, kowa ya bi ta inda ya ga dama. Wa zai tayar da maganar hanya alhali ga hanya ko'ina? Kafin a farga ruwa ya sauka, an sake shukawa, an kuma ƙara wata kunyar.

Da idona na ga burtalin nan yana ramewa. Daga inda garke ke bi a sake ya koma sai shanu sun jeru, daga nan ya koma sai amalanke ɗaya. Duk Juma'a ina tafe ina masifa ni kaɗai a kan keke, ina lissafa masu gonakin da sunayen ubanninsu. Ban san cewa wanda zai ƙarasa aikin yana cikin gidanmu ba.

Gonar mahaifinmu ita ce ta ƙarshe kafin a shiga gari. A daidai nan burtalin ya matse, gonarmu ta dama, wani kwazazzabo mai zurfi ta hagu. Idan aka toshe wajen, babu ta inda za a kauce. Yayana bai tsaya ƙara kunya ɗaya ɗaya irin na masu tsoron Allah kaɗan ba. Binne ya yi, wato ya zuba irin a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya rufe, babu wanda ya lura. Aka yi ruwan farko ranar Litinin. Ranar Juma'a na gangaro da gudu, sai na ja birki har keken ya juya gefe. Dawa ce ta tsiro reras, layi layi, tun daga gonarmu har bakin kwazazzabo.

Na tarar da shi a zaure yana gyara ƙotar fartanya. Ko gaisawa ban bari mun gama ba.

"Yaya, wa ya shuke burtali?"

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Shanu nawa kag gani sun bi nan bana? Ƙasa na kwance banza, ga bakuna cike da gida. Mi kaka so in yi, in bar ta don kekenka?"

"Ba don kekena aka bar ta ba. Baba ya mutu bai taɓa ƙara taki ɗaya a wajen ba."

"Baba ya mutu, Auta. Ni ad da rai, ni ka ciyar da gidanga."

Inna tana jin mu daga ciki. Da na shiga gaishe ta ina huci, sai ta kama hannuna ta ce, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwanka na. Kai dai kak ka daina zowa." Abin da ya dame ta ke nan a duk maganar. Na ce mata ko ta sama ce zan zo.

Washegari ban koma Kaura ba, na tafi wajen maigari. Na tarar ardon Fulanin da ke zaune gabas da gari ya riga ni, da sandarsa a kafaɗa, a kan maganar nan dai. Dattijo ne, tun muna yara yake aiko wa Inna da nono. Ta burtalin nan shanunsa ke zuwa mashaya. Aka aika aka kira yayana, dattawa suka taru a gindin durumi.

Na yi magana ranar, har ni kaina na ji daɗin bakina. Na kawo tarihi, na kawo haƙƙin hanya a addini, na nuna da hannu inda aguwa take a da. Kowa na gyaɗa kai. Maigari ya bari na gama sannan ya ce, "Maganarka gaskiya ta. Burtali na, tun kakanninmu, babu mai musu. Amma ya riga ya shibka. A bari sai kaka, in an yanke mu tahi mu aza iyaka."

Ardo ya ce a hankali, "Ranka shi daɗe, shanu ba su san kaka ba. Yau suka son ruwa."

Ni kuwa na tashi tsaye, abin da ba a yi a gaban manya. Na ce kaka nawa aka bari? Na ce da wannan maganar aka cinye hanyar tun daga tsamiya biyu, kuma duk wanda ke zaune a nan ya sani, domin rabinsu da kunyarsu a ciki. Maigari ya dube ni ya daɗe, bai yi fushi ba, wanda da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "To madalla. Gonar ubanka ta, hanyar jama'a ta. Tashi ka tahi ka tuge. Ni na ba ka izini, ga shaidu."

Na tafi, wasu suka biyo ni daga nesa su ga ƙarshen abin. Na isa bakin shukar. An yi yayyafi da asuba, ƙasa na ƙamshi, dawar ta fito kore shar, kowane rami da 'ya'ya huɗu ko biyar, ganyen bai wuce tsawon yatsa ba. Na durƙusa na kama na farko. Ja ɗaya ya ishe shi, jariri ma zai iya. Hannuna ya ƙi. Wallahi ba tsoron yayana ba ne, ba kuma tsoron bakin mutane ba. Na girma a gidan da idan ƙwayar hatsi ta faɗi ƙasa sai an tsince ta, na ga shekarar da muka ci ganyen tafasa babu gari. Na daɗe a durƙushe da ganyen nan tsakanin yatsuna, sannan na sake shi, har na gyara masa ƙasar da na taɓa.

Na dawo gindin durumi. Maigari ya ce, "Yaya?" Ni da bakina, a gaban kowa, na ce a bari sai kaka.

Babu wanda ya yi dariya. Ardo ya dube ni sau ɗaya, ya gyara sandarsa, ya yi sallama ya tafi. Kafin ƙarshen daminar ya kwashe iyalinsa da shanunsa, ba wanda ya san inda suka nufa. Har yau idan na ji ana cewa ba a san abin da ya raba mu da maƙwabtanmu ba, nakan tashi daga wajen.

Kaka ta zo. Na koma wajen maigari na tuna masa. Ya miƙa hannu wajen filin da aka girbe ya ce, "Ga hanya nan buɗe, mi ya rage? Bari ruwa shi matso mu ga inda za a aza dutse." Ruwa bai matso ba sai da yayana ya sake binne. Da maƙwabtansa suka ga babu abin da ya faru, su ma suka haɗe nasu gefen da na juna, har aka wayi gari ƙarshen burtalin duk ya zama gona ɗaya mai tsawo.

Na koyi zama da abin, kuma wannan ma yana cikin abin da nake jin haushin kaina da shi. Da rani in wuce abina. Farkon damina in sauka in tura keke ta cikin kwarin kunya, ina taka-tsantsan kamar mai ɗauke da ƙwai. Idan dawa ta wuce ƙugu, sai in zagaya ta titi. Sai titin ya zama abin da ya zama, ana tare mutane da rana kata. Na fara tsallake Juma'a ɗaya, sannan biyu. Inna ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Matar yayana ce ta gaya mini cewa ko ban zo ba tabarmar na nan a bakin zaure har a kira magariba.

Sai shekarar da aka katse layin waya a duk yankinmu, aka kuma hana hawa babur saboda matsalar tsaro. Ƙarshen damina ne, dawa ta fi mutum tsawo, ta fitar da kai. Keke ya dawo da darajarsa, waɗanda ke yi mini dariya a da suka koma neman aro. Labari kuwa ya koma tafiya da ƙafa. Wata Talata da hantsi wani maƙwabcinmu na ƙauye ya tsaya a ƙofar shagona, ƙafafunsa duk laka. Ya taso tun bayan sallar asuba ta hanyar ƙorama, zai sayi magani. Bayan mun gaisa ya ce, "Inna na ɗan jin jiki. Ta ce in na gane ka in ce ka leƙo."

Mutanenmu ba su iya faɗin ciwo da girmansa ba. Wanda ke da mura yana ɗan jin jiki, wanda ake juyawa a shimfiɗa shi ma yana ɗan jin jiki. Na san haka sarai. Na rufe shago, na ɗauki keke, na ce bari in bi burtali tunda ya fi kusa, in ya so in san yadda zan yi a ƙarshe.

Ban taɓa tuƙa hanyar nan da sauri irin na ranar ba, kuma ban gamu da ko mutum ɗaya ba. Rana ba ta kai tsaka ba na iso inda gonakin suka haɗe. Dawa ta tsaya a gabana kamar katanga, wake ya yaɗu a ƙarƙashinta ya rufe ƙasa, yana fure. Daga inda nake ina hango kan kukar bakin garinmu. Ina jin sautin daka.

Na sauka na cusa keken. Taku kaɗan waken ya nannaɗe feda da sarƙa. Na ja da ƙarfi, sai na ji ƙas, kara ya karye, kan dawa mai nauyi ya faɗo a kafaɗata. Na sake turawa, wasu biyu suka bi shi. Na tsaya ina duban su a ƙasa, ƙwayar ta cika, saura 'yan makonni a yanka. Na duba gabana, na ga in dai sai na ƙetare da keken nan to sai na yi ɓarnar da za a nuna da yatsa. Abin da na yi, ina jin nauyin rubuta shi: na ja keken baya a hankali, na ɗaga kararen nan uku na jingina su da 'yan'uwansu ko za su tashi.

Da na jefar da keken a nan na sunkuya na ratsa da ƙafa, da ban karya komai ba. Wannan tunanin ya zo mini, amma sai bayan na yi nisa. A lokacin abin da na ce wa kaina shi ne, ba a barin keke a daji a irin wannan zamani, kuma 'yan sa-kai na iya harbin duk wanda ya ɓullo daga cikin dawa ba sanarwa, kuma ai ɗan jin jiki aka ce. Dalilai ne masu kyau, na jera su tsaf, na juya.

Na koma baya har tsamiya biyu, na yanke zuwa titi, na bi kwalta ni kaɗai, na ratse cikin yashi. Da na iso ƙorama na tarar ta cika ta batse. Ba a yi ruwa a wajenmu ba, daga gabas ya zo, ja wur, yana tafe da itace. Mu huɗu muka zauna a bakin gaɓa muna jira ya janye. A nan na yi azahar. A nan na yi la'asar. Da ya sauka zuwa ƙirji na ɗora keken a ka na shiga.

Rana ta yi sanyi lokacin da na shigo gari, rigata na ɗiga. Ban kai gida ba na hango maza suna tahowa daga yamma a jere, wasu da fartanya a kafaɗa, biyu na ɗauke da makara babu kowa a ciki. Na sauka daga keken. Suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu.

Yayana ne a ƙarshe, gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa, idonsa ya kumbura. Ya riƙe hannuna da nasa biyu. Babu faɗa a muryarsa, ko kaɗan.

"Auta, ina kat tsaya? Har anka yi kiran azahar tana tambaya ko ka iso. Mun jira ka, mun jira, sai hadari ya taso."

Na ce, "Na zo bakin gona tun kafin azahar. Na juya."

Ya sake ni, ya dube ni kamar bai fahimci Hausar ba.

"Kaj juya? Mi ya hana ka ratso? Da ka tattake ta dut. Ai dawa ta, Auta, ba mutum ba."

Sai na jingine keken a jikin katanga, na roƙi wani daga cikin mutanen ya koma da ni maƙabarta ya nuna mini wanne kabari ne nata.